Wankin jirgi a gidan tudu: abin da injin wanki ya koya mini a Gadarif

Duk wanda ya kwana biyu a Gadarif ya san ƙarar da ke biyo bayan sallar asuba: mai karo yana ƙwanƙwasa barmil da sanda, jakinsa na tafe a hankali cikin lungu. Garin riɗi ne da dawa, garin da manyan motoci ke layi a kasuwar amfanin gona idan kaka ta yi, amma ba kogi a cikinsa. Ruwan famfo daga Shuwak ake turo shi, can bakin kogin Atbara, tafiyar kusan kilomita 70, sauran kuma daga rijiyoyin burtsatse. Idan bazara ta kama, a unguwanni da yawa ruwa sai na saye. A irin wannan gari ne ni, da wayona da furfurata, na sayi injin wanki mai sarrafa kansa, irin mai ƙofar gilashi a gaba, na ɗora shi a mota tun daga Khartum a shekarar 2021.

Ranar da aka sauke shi maƙwabta sun shigo kallo. Hajiya ta zagaya shi sau biyu, ta shafa gilashin, ta ce, "Alhaji, abin dai ya yi kyau. To ruwan fa, a ina zai sha?"

Na ce mata ai injin zamani ne, ba ya cin ruwa. Haka mai shagon ya gaya mini, kuma a gaskiya bai yi ƙarya ba. Ni ne ban yi tambayar da ta dace ba, alhali na san ta tun ina saurayi, don na koye ta a kan ruwa.

Bari in koma baya kaɗan. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 hanyar Kudu ta buɗe, 'yan kasuwa suka yi ta kai kaya ta Farin Nilu. Daga 2006 zuwa 2010 ina cikinsu. Mukan sayi dawa a nan Gadarif, mu haɗa da albasa da gishiri da sukari, mota ta kai mu Kosti, a can a loda a sandal. Wanda bai sani ba, sandal wani faffaɗan jirgin ƙarfe ne marar inji, ana ɗaure uku ko huɗu wuri guda, jirgi mai inji yana tura su daga baya. Daga Kosti zuwa Juba ya haura kilomita 1,400, kuma gaba da ruwa ake tafiya, ta Rank, ta Malakal, sannan a shiga fadamar nan da ake kira Sudd, inda za ka yini ba ka ga tudu ba sai ciyawa da sauro. Tafiyar mako uku ba abin mamaki ba ce. Idan inji ya lalace ko aka tsare ku a wata tasha, sai wata ya wuce kana kan buhunanka. A nan kake kwana, a nan kake girki, a nan kake salla, a nan kuma kake wanki.

Wanda bai taɓa hawa ba zai ce ai wanki a tsakiyar kogi ba wahala, ruwa ga shi nan ko'ina. Haka ni ma na zata. A tafiyata ta farko na ɗaure bokiti da igiya, na naɗe igiyar a wuyan hannuna, na jefa. Jirgi na tafiya, ruwa ya cika bokitin ya fizge ni, ba don wani dattijo Bahaushe masunci ya damƙi wandona ba da kada ya yi buɗa-baki da ni. Ya kwance igiyar daga hannuna ya ce, "Yaro, bokiti kuɗinsa nawa? Idan ya ja ka, sake shi." Shi ya nuna mini a jefa bokiti gaba, wajen da jirgi ya dosa, a ɗago shi da sauri kafin ya iso daidai inda kake tsaye. Ya kuma hana ni ɗiba daga baya, don can ne man inji ke zuba, can ne kuma makewayi yake.

Abin da na gane a wannan zama shi ne ruwa mai yawa daban, ruwa mai tsabta daban. Na kogin yakan zo da laka da ɓurɓushin ciyawa, idan ka wanke farar jallabiya da shi kai tsaye sai ta fito kamar an jiƙa ta a shayi. Sai ka ɗiba tun dare ka bari ya kwanta. Wasu kan jefa ɗan alam, wasu kan daka 'ya'yan zogale su zuba, dabarar da matan ƙauyukan bakin Nilu suka daɗe da sani, shi ya sa ma a Sudan ake kiran zogale bishiyar rawwaƙ, wato mai tace ruwa. Bokiti biyu gare ni a duniya, saboda haka kowane kofi na ruwan da ya kwanta yana da lissafi. Kumfa ɗaya ce za ta wanke komai, bi da bi: rawani da fararen kaya tukuna, sai masu launi, sai wandon aiki, a ƙarshe tsummoki. Kafin ka tsoma riga a ruwan ɗauraya sai ka murɗe ta iya ƙarfinka, mutum biyu ma idan da hali, domin duk kumfar da ta fita da matsa ba za ta ɓata maka ruwa mai kyau ba. Ruwan ɗaurayar yau kuma shi ne ruwan sabulun gobe. Shanya ma da tata doka: igiya ta cikin hannun riga take bi, in ba haka ba iska ta kai wa kifi, kuma ba a shanya a kan buhun dawa ko sukari, danshi kaɗan ya isa ya jawo maka asara a Juba.

Kudu ta ɓalle a Yulin 2011, hanyar ta toshe, na dawo tudu na kama riɗi. Allah ya buɗa, na yi gida, na manta da bokiti biyu. Shi ya sa da na shiga shagon nan na Khartum ban tambayi komai ba sai "wanne ya fi kyau?"

Matsalar farko ta bayyana tun ranar da aka haɗa shi. Irin wannan inji ba a zuba masa ruwa da bokiti, shi yake ja da kansa ta tiyo, kuma yana son ruwan ya zo da ƙarfi. Takardar da ke zuwa da yawancinsu tana neman aƙalla rabin bar, wanda a lissafin gini yake nufin tankinka ya ɗara injin da kamar mita 5. Namu tankin a kan ɗan dakali yake, bai kai tsayin mutum ba. Inji ya yi ta tsotsa kamar jariri a busasshen nono, can ya yi ƙara ya tsaya. Sai na sayi ƙaramin injin tura ruwa. Kuɗi na biyu ke nan.

Matsala ta biyu wuta. Wanki ɗaya yakan ɗauke shi awa ɗaya zuwa biyu, wani tsarin ma ya fi. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, kaya na ciki, ruwa na ciki, ƙofa a kulle. Akwai ranar Juma'a da jallabiyata ta kwana a ciki ina kallonta ta gilashi, na tafi masallaci da ta ƙanena wadda ba ta rufe mini idon sawu ba. Sannan yana da abin ɗumama ruwa a cikinsa mai jan wajen wat 2,000, ƙaramin janaretan shago ba ya ɗaukarsa sai ya yi tari ya mutu. Wutar ma idan ta dawo ba kullum take dawowa da hankali ba. Wata dawowa da ta yi da ƙarfi ta ƙona allon da ke sarrafa shi, wanda masu gyara ke kira kart, muka yi wata biyu muna jiran a kawo wani.

Ruwa kuwa, gaskiyar mai shago ce, wanki ɗaya bai wuce lita 50 zuwa 60 ba, wato kamar jarka uku ta lita 20. Idan ka gwada da mai wanki a bakin famfo yana barin ruwa na zuba, wannan tattali ne. Amma inji ba ya maimaita ruwa. Kowane zubi sabo yake ɗiba, ya gama ya tura shi waje. Zubi huɗu ya cinye maka barmil guda na lita 200 har da ɗoriya. Lokacin muna mu bakwai a gida, muna lallaɓawa.

Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. 'Yan'uwa suka fara isowa daga Khartum, da Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar sai yayata ta zo da 'ya'yanta da jikokinta da surukarta mai jego. Muka zama mu goma sha tara. Garin gaba ɗaya ya cika, makarantu sun zama masauki, mai karo ya zama sarki, sai ka yi masa magana tun jiya. Ga kwalara da aka sanar da ɓullarta a jihar tun Satumba. Ruwan sha da na girki da na alwala su ne gaba, wanki ya koma baya, amma gidan da ke da jariri da yara tara wanki ba ya jira. Hajiya da 'yan matan suka koma baho da hannu tun safe har azahar. Wata rana na ga bayan hannunta ya tsattsage saboda omo, tana shafa man riɗi tana cije leɓe, ga injin miliyoyi a gefe an rufe shi da tsohon tob. Ban ce komai ba, amma abincin ranar bai shige ni ba.

Yaya ce ta fasa ƙwan. Ta ce, "Kai da ka yi shekaru kana wanki a jirgi, ka rasa dabara a gidanka? A Madani gassala mai baho biyu gare mu, da bokiti muke ba ta ruwa."

Washegari na nufi kasuwa wajen masu kayan wuta, wannan karon da tambayoyina. Ban tambayi suna ko ƙasar da aka ƙera ba. Na tambayi ko ana zuba ruwa da hannu, wat nawa yake ja, kuma idan bel ya tsinke ko agogonsa ya mutu, akwai mai gyara a nan garin ko sai an aika Port Sudan. Na dawo da mai baho biyu, na roba, marar kwarjini, kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba.

Ga yadda yake, don wanda bai taɓa amfani da shi ba. Baho ɗaya na wanki ne, da faifai a ƙasansa mai juya ruwa, agogonsa iyakarsa minti 15. Ɗayan na matsa ne, yana juyawa da gudu sama da sau dubu a minti, cikin minti 3 zuwa 5 ya tsane kaya. Injin wankin yana jan tsakanin wat 300 zuwa 450 gwargwadon girma, na matsar bai kai haka ba. Saboda haka ƙaramin janareta yana ɗaukarsa, sola mai inbata matsakaiciya ma tana ɗauka, sai dai a bar mata sarari domin lokacin tashi yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Idan wuta ta tafi a tsakiya, ka ɗaga murfi ka kwashe kayanka ka ƙarasa da hannu. Ba kulle, ba kart.

Amma babban abin shi ne ruwa yana hannunka. Sai na ga ashe bokiti biyun nan nawa ne na sandal aka sa wa wuta. Muka tsara wankin gidan kamar yadda dattijon nan ya koya mini. A zuba jarka biyu da rabi a bahon wanki, a sa omo daidai kima, kada a cika, don yawan kumfa yawan ɗauraya ne. Fararen jallabiyoyi da rawuna su fara shiga. A fitar da su a sa a bahon matsa, a tara ruwan da ke fita ta tiyo a bokiti a mayar. Sai tob-tob na mata da kayan makaranta a cikin ruwan nan dai, sai kayan aikin samari masu zuwa kasuwa. Ruwa ɗaya, zubi uku. Ɗauraya a manyan bahuna biyu ake yi a ƙasa, da yake an riga an matse kumfar, ruwan ba ya saurin lalacewa. Idan an gama, na ɗaurayar farko ya koma inji ya zama na sabulun zagaye na gaba, baƙin ruwan ƙarshe kuma a kai makewayi ko a yayyafa a tsakar gida ya kwantar da ƙura. Da na ƙirga jarkoki a makon farko, wankin da da zai ci barmil biyu a wancan inji bai cinye ɗaya da kwata ba. Lissafin gidana ne wannan, na wani zai iya bambanta, amma mai karonmu da kansa ya tambaye ni ko baƙin sun tafi.

Akwai abubuwa biyu da ba ma sa su a wannan layi, kuma ina roƙon mai karatu ya kula da su. Na farko kayan da najasa ta taɓa, na jarirai da na yara masu fitsarin kwance. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwan da sabulu ya canja ba ya gusar da hukuncin najasa, sai ruwa tsantsa. Don haka Hajiya takan fara wanke wurin a gefe da ruwa mai kyau kafin kayan su shiga inji, kuma su ne na ƙarshe a layi, ba sa haɗuwa da kayan salla. Na biyu kayan mai gudawa da amai. Lokacin kwalara ma'aikatan lafiya sun yi ta nanatawa a tafasa su ko a jiƙa a ruwan kilorin yadda suka auna, a wanke daban, ruwan kuma a zuba a makewayi. Irin wannan ruwa ba a maimaita shi ko da jarka ta kai nawa.

Kada in yi wa injin nan kirarin da bai kai ba. Yana son mutum a tsaye a kansa. Ɗiba, zubawa, kwashewa, mayarwa, duk da hannu ne, kuma jarkar lita 20 ba wasa ba ce ga mace mai ciki ko tsohuwa. A gidana na ɗora wa samari ɗaukar ruwa, da farko suna gunaguni wai aikin mata ne, na ce musu ubanku ya yi shekara huɗu yana wanke wandonsa a gaban fasinja ɗari. Faifan nan kuma yana cin kaya masu laushi, tob mai tsada ko hula mai aiki gara hannu, ko a sa a cikin rigar matashi a ɗaure. Adadin kilo da aka rubuta a jikinsa na busassun kaya ne, kuma bahon matsa kullum ya fi na wanki ƙanƙanta, sai a raba biyu. Idan aka jibga kaya gefe ɗaya zai yi ta dukan jikinsa kamar mai bori, a tsayar a daidaita, a danna faifan robar da ke zuwa da shi a sama. Maiƙon riɗi da baƙar lakar Gadarif ta damina ba sa fita da juyi kawai, sai an goga sabulun sanda a wurin an bar shi ya jiƙa, lakar ma gara a bari ta bushe a kakkaɓe tukuna. Rana tana cinye roba, a ajiye shi a inuwa. Ɓera kuma yana son wayoyin ƙasansa.

Sai maganar rai. Ruwa da wuta ne a wuri guda, kuma yawancin gidajenmu ba a ja musu wayar ƙasa ba. Soket ya kasance a sama, mai wanki ya sa silifas na roba, a cire fulogi kafin a tsoma hannu. Kada yaro ya buɗe bahon matsa yana gudu, birkin murfin yakan mutu ba a sani ba, yana iya karya hannu. Baho cike da ruwa kuma kada a bar shi a buɗe inda mai rarrafe yake, ko na minti ɗaya.

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Ingila ya ba ni dariya da na ba shi labarin. Ya ce ai Turawan da ke zama a cikin siraran jiragen ruwa a magudanan ƙasar, da yawansu irin wannan mai baho biyun suke saye, ƙarami, saboda tankinsu kaɗan ne wutarsu kuma ta batir ce. Wasu ma bokiti ne da sandar dannawa. Na ce to ashe ni da su duk jirgi ɗaya muka hau.

Masu zuwa Gadarif cin kasuwar riɗi na wata biyu ko uku, su kama ɗaki su kaɗai, sukan tambaye ni wanne za su saya. Ni dai ina ce musu kada su sayi ko ɗaya. Jallabiya uku da bokiti biyu sun isa, ranar da aiki ya yi yawa a kai wa mai wanki da guga. Ƙananan injinan nan masu kilo 2 ko 3 da ake tallatawa a Facebook, jallabiya ɗaya da wando sun cika su, bargo kuwa ko a mafarki. Mai iyali da ke sayen ruwa a karo, ko mai dogaro da janareta da sola, mai baho biyu ne nasa, kuma ya sayi babba. Wanda Allah ya ba gida mai tanki a saman bene, famfonsa ba ya yankewa, yana da abin daidaita wuta, wannan ya sayi mai sarrafa kansa ya hutar da iyalinsa, ba ni da ja. Injin ba shi da laifi, gidana ne bai kai gidansa ba.

Nawa yana nan a lungun falo. An gyara kart ɗin, lafiyarsa ƙalau, an shimfiɗa masa ƙyalle an ɗora fulas ɗin shayi a kai. Wani ya taya kwanan baya, na ce zan yi shawara. Tun da aka gama madatsun Atbara ta Sama da Sitet a 2017 ake zancen jawo wa garin ruwa daga can, aikin da mutanen nan ke kira al-hallul jazari, wato maganin matsalar daga tushe. Da na gaya wa Hajiya an taya, sai ta ce, "A'a Alhaji, bar shi. Ranar da ruwan Sitet ya hau tankinmu da kansa, ni zan fara danna shi." Ta juya ta ƙwala wa autanmu kira ya kawo jarka ta uku.